Kwalabe Arba'in na Ɗan Sale

Shekara biyu ke nan da dawowata daga Kudu, amma har yau ba ni da sakat a majalisarmu ta bakin tashar jirgi. Kowa ya zauna sai ya ce, "Habu, wai da gaske a kwalba ka ɗauko dankali?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Jiya ma na ji ana cewa wai a jirgin sama na dawo. To ga shi na rubuta tun daga farko. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Mahaifinmu, Malam Sale, da ya taso daga Haɗeja ya zauna a Nguru, fatauci ya kawo shi. Amma a cikin kayansa akwai ƙunshin yaɗon dankali da ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Jan baya ne, cikinsa rawaya, in an dafa sai ya yi gari-gari, ba ya neman mai balle sukari. Ya dasa a fadama, ya raba wa duk wanda ya roƙa, har mutane suka sa wa dankalin suna ɗan Sale. Bayan rasuwarsa cuta ta shiga irin. Ganye ya murɗe ya yi dabbare-dabbare, 'ya'yan suka koma kamar yatsu. Shi kuwa dankali da yaɗo ake dasa shi, in uwar na da cuta, duk abin da ka yanka a jikinta da cutar zai tashi. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka watsar, ya rage sai kunya shida a gonarmu.

Akwai wata Madam Nkechi, 'yar ƙabilar Ibo, da ta yi bautar ƙasa a Gashuwa tana koyarwa, ta kuma ci dankalin nan har ta saba. Daga baya ta sami aiki a wata cibiyar binciken noma can gaba da Enugu. Da ta zo ziyara ta ga halin da ake ciki, sai ta yanki yaɗo kaɗan ta tafi da shi, ta ce akwai yadda suke raba iri da cutarsa. Na ɗauka zance ne. Daminar da ta biyo baya ruwa ya yi ambaliya ya kwana goma a kan kunyoyin nan shida, ko ganye ɗaya bai fita ba. Ina cikin wannan baƙin ciki sai ga wasiƙarta: aiki ya yi, irin yana nan a cikin kwalabe, in zo in karɓa kafin ƙarshen wata, don za a yi mata canjin wurin aiki, kuma babu mai riƙe mata su. Wato ɗan Sale duk duniya bai rage ko'ina ba sai a wajenta.

Lokacin ana tsakiyar wahalar mai, jirgin ƙasa kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Don haka na bi motar bandar kifi, ta wani Babarbare da ake kira Ba Modu. Mutumin kirki ne, amma Allah ya yi shi da surutu, ga shi bai yarda akwai abin da bai sani ba. Tun daga Jajimaji ya fara yi mini bayanin cewa dankali ba ya tsira a kwalba.

"Wushe, sannu da ƙoƙari, Malam Habu," in ji shi, "amma damfararka za a yi. Ni na san Kudu kamar tafin hannuna."

Kwana uku muna tafe. Warin kifin nan ya shiga rigata, ya shiga hulata, ya shiga har cikin goron da nake ci. A Makurɗi na shiga sahu a masallaci, mutumin da ke damana ya yi ta matsawa har ya bar sahun. Daga nan kuma ƙasa ta canza. Itatuwa sun haɗe sama, ba ka hango komai sai ganye. Mu da muka saba tsayawa a bakin gari mu hango raƙumi tun yana Kumagannam, sai na ji kamar an kulle ni a ɗaki. Ruwa kuwa ba ya sallama. A gida sai hadari ya haɗu, iska ta taso, kowa ya kwashe shanyarsa. Can kana tsaye rana na dukanka, sai kawai ka ji an juye maka bokiti.

Na sauka a unguwar Hausawa, gidan wani dattijo mai sayar da albasa da ya shekara talatin a can. Ya karɓe ni hannu biyu, amma matarsa 'yar garin ce, abincinsu take yi. Aka kawo mini tuwon rogo mai tsami da suke kira akpu, na gutsura na fara tauna, sai gidan duk aka kwashe da dariya. Wai ba a taunawa, haɗiya ake yi. Na ce to ni me ya sa Allah ya ba ni haƙora? Na haɗiye loma uku don kunya, ta huɗu ta tsaya mini a wuya sai da aka bubbuga bayana. Sauran kwanakin burodi da shayi suka riƙe ni.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne goro. Mu da muke fataucinsa tun kakanni, in ka ba mutum sai ya ce madalla ya jefa a baki. Su kuwa ƙwaya ɗaya za a ɗora a faranti, a zagaya da ita kowa ya taɓa, sannan babban cikinsu ya ɗaga ta ya yi ta addu'a har ƙafarka ta yi sanyi, kafin a fasa a ba ka ɗan ɓalli. Doya ma sabuwa ba mai ci sai dattawa sun sa mata albarka. A raina na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Mu ma a gidanmu ba a taɓa kai iri gona ba, gero ne ko shinkafa ko yaɗon dankali, sai an kai wa Baffa Idi, ƙanin mahaifinmu da ke karantarwa a Gashuwa, ya yi addu'a ya tofa. Na tuna da wannan a lokacin, na yi murmushi, ban kawo komai a raina ba.

Washegari na je wajen Madam. Kafin in shiga ɗakin aikinsu sai da aka sa na cire takalmi, na wanke hannu har gwiwa, aka fesa mini sifirit, aka ɗaura mini ƙyalle a baki da hanci. Na ce, "Madam, ai ko alwala ba ta kai wannan ba." Ta ce in yi shiru, magana ma ba a so a ciki.

Ɗaki ne mai sanyi, kantoci jere da 'yan kwalabe, kowace tsawonta bai wuce yatsa da rabi ba, fitilu na haska su. A gindin kowace akwai wani abu kamar kokon da ya kwana ya daskare, a kansa ɗan tsiro kore shar. Da muka fito ta yi mini bayani da Hausarta ta Gashuwa. Ta ce cutar tana bin jikin yaɗo, amma can ƙarshen kan tsiron, inda yake sabon fitowa, yakan riga ta gudu. Wannan ɗan wurin, wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi suke yankowa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, su ɗora a kan abincin nan mai sukari. In ya yi ganye su gwada shi, in ba cuta su yayyanka gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta zama sabon tsiro a tata kwalbar. Haka ɗaya ya zama arba'in.

Ta ɗauko ɗaya ta miƙo mini. Na duba ganyen, mai yatsu biyar da ɗan ja a gindi, shimfiɗe lafiya lau ba murɗewa. Rabon da in ga ganyen ɗan Sale haka tun mahaifina na da rai. Ban san sanda hawaye ya jiƙa ƙyallen bakina ba.

"Malam Habu, ka ji da kyau," in ji ta. "Kada su kife. Kada rana ta dake su. Babba kuma, kada a buɗe murfin sai ranar da za ka dasa. Sukarin nan ba tsiron kaɗai ke so ba, funfuna ma na so, kuma ta fi shi sauri. Iska kaɗan ta shiga, shi ke nan. Numfashinka ma guba ne a wajensu."

Ta sa na maimaita sau uku kamar ɗan makaranta. Aka jera su a kwali mai gida-gida, aka huda gefe don haske. Ta ce, "Duka ke nan. Ban rage ko ɗaya ba."

Ba Modu ya yi lodin manja, muka juyo. Na zauna a gaba, kwali a kan cinya. Ya leƙa ya ga tsiron da idonsa, sai ya ce ai dama ya san ana yi.

Masifar farko a wani shinge ta same mu, kan iyakar jiha da jiha. Wani mai kaki ya leƙo ya ce mene ne a kwalin. Na ce irin dankali. Ya ce in sauko. Ya zaro ɗaya ya ɗaga ta sama, ya kira abokan aikinsa, suka taru. Ɗaya ya ce ƙwaya ce, ɗaya ya ce asiri ne irin na mutanen Arewa. Na nuna takardar da Madam ta ba ni, ya juya ta sama da ƙasa ya mayar mini. Ina roƙo, ina haɗa shi da Allah, sai ji na yi ɓas, ya ɓalle murfi ya kai hanci. Bai ji komai ba, ya buɗe ta biyu. Ta ukun har yatsa ya sa ya lasa, ya ce, "Ah, sukari ne." Sannan ya ce mu tafi, har da yi mini fatan alheri. Kai jama'a! Da ina da ƙarfin da zan shaƙe mutumin nan, da yanzu daga gidan yari nake rubutu.

Ta biyu laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. A Bauchi mai ya ƙare, muka shiga layi tun hantsi. Da azahar ta yi na ɗora kwalin a kan kujera, a inuwa, na tafi salla. Kafin in dawo layi ya motsa, Ba Modu ya ja mota ta juya, rana ta faɗo ta gilashi kai tsaye a kan kwalin. Shi kuma yana can yana yi wa wasu direbobi bayanin yadda ake shuka a kwalba. Jeri biyu na kwalaben da ke gefen rana, goma sha huɗu, sun dahu sun yi laushi kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Na zauna a gefen titi na riƙe kai. Ba Modu ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Ai da ka tambaye ni, da na gaya maka rana ba ta yi musu kyau." Na haɗiye abin da ke bakina, don ba na faɗa ba ne.

Tsakanin Potiskum da Gashuwa kuwa kun san hanyar, ba sai na ɓata bakina ba. Wani rami ya ɗaga mu ya buga, biyu suka fashe a cinyata. Daga nan na cire rawani na naɗe kwalin, na rungume shi a ƙirji, ko ruwa zan sha sai dai Ba Modu ya kafa mini a baki. Muka shiga Gashuwa da la'asar, saura ashirin da ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, an fita daga hannun baƙi, an iso gida.

Ba Modu zai sauke rabin manjansa a kasuwa, ni kuma na wuce gidan Baffa Idi, don ba a wuce shi. Baffa ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, amma shi ne ya rage mana a madadin uba. Shi ya yi mini huɗuba, shi ya karɓo mini aure, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Na durƙusa a zaure na gaishe shi.

"Habu, an dawo? Me ka riƙo haka kamar jariri?"

"Allah gafarta Malam, iri ne. Ɗan Sale ne aka raba shi da cutarsa."

"Na Yaya?" Ya miƙo hannu ya shafa kwalin. "Allahu Akbar. Ajiye nan. Shiga ka watsa ruwa, warinka ya riga ka sallama."

To a nan ne na yi wautar da ta fi ta Bauchi. Na gaya wa mai kaki kada ya buɗe, na gaya wa Ba Modu sau ɗari, har matar da ta sayar mana da ƙosai a Lafiya na gaya wa. Amma mutum ɗaya da na san tabbas aikinsa ne ya tofa wa iri albarka, shi ban gaya masa ba. Na ce bari in yi wanka in dawo in yi masa bayani a natse. Tun daga Bauchi ban saki kwalin nan ba, na sake shi a wurin da na fi amincewa da shi a duniya.

Na fito ina goge kai, sai na jiyo ɗan sauti daga zaure. Ɓas. Shiru. Sannan tuf, tuf, tuf. Na tsaya cak. Na sake jin ɓas.

Na shiga da gudu. Baffa na zaune a kan buzunsa, ya jera kwalaben a gabansa. Yana ɗaukar ɗaya, ya lalubi murfin ya ɓalle, ya karanta, ya kai bakinsa daidai bakin kwalbar ya tofa sau uku, ya mayar da murfin da kyau ya ajiye a dama. Don ƙauna ma bai yi musu jimla ba, kowace sai da ya ba ta nata. Na dubi dama, goma sha takwas. Na dubi hagu, biyu. Ɗaya na hannunsa, babban yatsansa na kan murfi.

Ku da kuka san gidanmu kun san ba a katse Baffa in yana addu'a. Ko gobara ce sai ya shafa. Na ga yatsan ya fara turawa. Wallahi ban san sanda na faɗa kansa na damƙe wuyan hannunsa ba. Damƙa kuwa ba ta wasa ba, har sai da na ji ƙashi.

Leɓensa ya tsaya. Ya juyo da idanun nan nasa masu hazo ya dube ni, ya dubi hannuna a kan nasa.

"Habu," ya ce a hankali, "hannuna ka riƙe?"

Na saki, na zube a ƙasa, na yi ta bayani a birkice, sukari, funfuna, iska, numfashi. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Wato bakina ne zai kashe su."

"Ba naka kaɗai ba, Baffa, na kowa ne, ko ni..."

"Da ka faɗa tun farko. Addu'a ai ba ta bukatar a buɗe mata murfi." Ya ajiye kwalbar a hagu, ya ɗora tafinsa a kan ukun, ya ƙarasa karatunsa ya shafa. Da zan tafi na yi masa sallama, ya amsa yana kallon bango.

Daga Gashuwa zuwa Nguru ban san yadda muka zo ba. Haushin kaina, haushin Baffa, ga kunyar abin da hannuna ya yi. Na yi ta fatan ko Madam ta yi ƙari ne a zancenta. Ba ta yi ba. Kwana huɗu, sha takwas ɗin nan suka yi fari fat da funfuna, wasu baƙi, tsiron ya narke a ciki. Ukun na hagu suna nan kore.

Na bi abin da ta rubuta mini ɗaya bayan ɗaya. Na soya ƙasa a kasko don kashe abin da ke cikinta, maiɗakina na tsaye tana tambaya ko da miya za a ci. Na wanke saiwar da ruwan da aka tafasa ya huce, na dasa a gwangwani, na kifa musu leda a inuwar rumfa. Ɗaya ta mutu a mako na biyu. Biyu suka kama, suka yi yaɗo. Na yanka na dasa, na sake yanka na dasa, har suka cika kunya goma sha biyu a sabuwar gona, nesa da inda cutar take.

A tsawon wannan lokaci na je Gashuwa sau uku. Baffa yakan amsa gaisuwa, ya tambayi iyali, shi ke nan. Bai tambayi dankali ba, ni ma ban tayar ba. Har na fara cewa a raina na ceci irin uba na rasa ƙaninsa, kuma ban san ko cinikin ya yi ba.

Ranar da muka haƙa, na ga jan bayan nan ya fito daga ƙasa, kowane ya cika hannu. Ban kai kasuwa ba, ban ɗanɗana ba. Na sa aka dafa guda biyar, na naɗe kwanon a tsumma, na hau motar Gashuwa. Na same shi a zaure. Na gaishe shi, na tura kwanon gabansa.

Ya lalubo ɗaya, ya ɓare, ya kai hanci. Ya gutsura da dasashi, ya daɗe yana juya shi a baki.

"Na Yaya ne," ya ce. "Wallahi na Yaya ne."

Ya cinye shi tas, har garin da ya zuba a cinyarsa ya tsince. Sannan ya miƙo hannun nan na dama, wanda na damƙe, ya lalubo nawa ya riƙe.

"Shekara guda ina jin zafin riƙon nan, Habu. Ba wanda ya taɓa yi mini haka."

"Ka yafe mini, Baffa."

"Na yafe." Ya ƙara matse hannuna. "Amma da ka tsaya kunya ka bar ni na ƙarasa ukun nan, da har in mutu ban yafe maka ba. Miƙo mini wani."